Tiriliyan 22.7 da Majalisar da Ta Zo a Makare

A watan Disamban 2022, saura wata biyar ya sauka daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa wasiƙa. Ba izinin cin bashi yake nema ba, don an riga an ci, an kuma kashe: naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta yi ta karɓa daga Babban Bankin Nijeriya shekara da shekaru. Buƙatarsa ita ce majalisa ta yarda a mai da kuɗin bashi mai dogon zango, a biya cikin shekara 40 da ruwa kashi 9 cikin ɗari, a kuma ɗaga wa gwamnati ƙafa na shekara uku kafin ta fara biyan uwar kuɗin.

Shi wannan rance, da jami'ai ke kira Ways and Means, ba haramun ba ne a dokance. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ta 2007 ya halatta shi, amma da takunkumi. Kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar da gwamnati ta samu a bara. A biya shi kafin shekarar kuɗi ta ƙare. Idan ba a biya ba, banki ba shi da ikon ƙara ko kwabo. Kamar ma'aikacin da ke karɓar shinkafa da mai a shagon unguwa ne kafin albashi ya shigo, da sharaɗin ya goge sunansa daga littafi a ƙarshen wata. Lokacin da Buhari ya hau a 2015 abin da ke cikin littafin bai kai tiriliyan ɗaya ba. Cikin shekara bakwai ya ninka fiye da sau ashirin, ba a goge ba, bankin kuma, ƙarƙashin Godwin Emefiele, bai daina bayarwa ba.

A yi adalci, gwamnati ba a banza ta shiga matsi ba. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, tattalin arziki ya karye a shekarar, korona ta sake karya shi a 2020, ga tallafin man fetur da ya lashe sama da tiriliyan huɗu a 2022 kaɗai. Albashi ba ya jira, yaƙi da Boko Haram da 'yan bindiga ba ya jira. To amma ai saboda irin wannan rana aka kafa dokar. Lokacin yalwa babu mai waiwayar Babban Banki. Sai aljihu ya bushe ake ganin ƙofarsa ta fi kowace sauƙin buɗewa.

Sauƙin nan shi ne haɗarin. Idan gwamnati ta sayar da takardun lamuni, kuɗin da ke hannun mutane da bankuna take karɓa, kuma kowa na ganin adadin. Idan Babban Banki ya ba ta, sabon kuɗi ne ya shigo gari ba tare da an ƙara noma buhu ɗaya ba. Kuɗi su yi yawa, kaya suna nan yadda suke, sai mudu ya tashi. Ba wannan kaɗai ya jawo tsadar rayuwa ba, amma yana cikin manyan dalilan da suka sa hauhawar farashi ta haura kashi 21 cikin ɗari a ƙarshen 2022. Haraji ne da babu wanda ya kaɗa masa ƙuri'a, kuma mai sayen masara da tiya ya fi mai saye da buhu jin sa. Ƙari a kan haka, a wancan lokacin Ofishin Kula da Basussuka ba ya sa wannan rance cikin jimillar bashin ƙasa da yake bugawa. Da aka shigar da shi, aka kuma saki darajar naira, jimillar ta yi tsalle daga kusan tiriliyan 50 a Maris ɗin 2023 zuwa sama da 87 a watan Yuni.

Ranar 28 ga Disamban 2022 aka kawo maganar zauren Majalisar Dattawa. Kafin shugaban kwamitin kuɗi ya yi nisa da rahotonsa, Sanata Betty Apiafi ta Ribas ta miƙe, ta ce tsarin mulki bai san da irin wannan kashe kuɗi ba. Shugaban majalisa Ahmad Lawan ya ƙi karɓar ƙorafinta, zaure ya kaure da hayaniya, aka rufe ƙofa aka yi ganawar sirri. Da aka fito sai aka jingine batun, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Ibrahim Gobir ya nemo bayanin inda kuɗin suka shiga. Wannan ita ce tambayar da ta dace, sai dai ta zo a makare da shekaru.

Buhari ya ja kunne cewa in ba a amince ba, ƙasa za ta biya ƙarin ruwa na kusan tiriliyan 1.8 a 2023, domin ruwan da Babban Banki ke ɗorawa ya ninka kashi 9 ɗin da ake nema. Lissafinsa daidai ne, kuma nan ne tarkon yake: wanda aka kawo wa bashin da aka riga aka cinye ba shi da zaɓi na gaske. A farkon Mayun 2023 majalisun biyu suka amince. Kafin watan ya fita suka zartar da gyaran da zai ɗaga iyakar rancen daga kashi 5 zuwa 15. Wato maimakon a tambayi wanda ya tsallake katanga, sai aka rage mata tsawo.

Wani zai ce majalisa ba ta da haƙora. Gaskiya ne tsarinmu ba irin na Jamhuriya ta Farko ba ne, inda Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama cikin 'yan majalisa yana amsa tambaya, kuma ƙuri'ar rashin amincewa na iya kayar da gwamnati. Amma tsarin mulkin 1999 bai bar majalisa hannu rabbana ba. Sashe na 80 ya hana a taɓa asusun gwamnati sai da izininta. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya zo in an kira shi. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincike, ta kira kowa, ta sa a kawo takardu, har ta ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Alƙaluman rancen kuwa ba a ɓoye suke ba, Babban Banki na buga su, jaridu na ɗauka, Asusun Lamuni na Duniya na gargaɗi a kai.

A ganina laifin majalisa ya fara ne daga kasafin kuɗi. Kowace shekara ana kawo hasashen kuɗin shiga da kowa ya san ba za a samu ba, 'yan majalisa su amince, sau da yawa ma su ƙara ayyukan mazaɓunsu a kai. Giɓin da ya biyo baya dole a cike shi daga wani wuri. Wanda ya sa hannu a giɓi, da wane baki zai tambayi inda aka samo cikon?

Sabuwar gwamnati ma ta bi sawu. A ƙarshen Disamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya nemi a yi wa wasu tiriliyan 7.3 irin wancan juyi, aka amince nan take. Sai a Fabrairun 2024, da tsadar abinci ta fitar da mutane kan titi a Minna da Kano, Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Isah Jibrin ya binciki tiriliyan 30 ɗin gaba ɗaya. Cikin masu neman binciken akwai waɗanda suke zaune a zauren ranar da aka amince.

Akwai kuma ofishin da ya kamata ya zama idon majalisa, na Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Rahotonsa kan isa gaban kwamitocin asusun jama'a bayan shekara biyu ko uku, lokacin da babban sakataren da za a tuhuma ya canza ma'aikata ko ya yi ritaya. Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudirin da zai ƙarfafa ofishin, Buhari bai sa hannu ba. Tana da ikon tsallake shi da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku, ba ta yi ba. Har ya sauka, ofishin na dogaro da dokar binciken kuɗi ta 1956, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari.