Gonar Gado da Takardar Gwamna: Wa Ke da Ƙasa a Jibiya?

Ƙasa ta yi daraja a Jibiya. Garin na kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, tashar iyaka tana Magama, daga can sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil, kuma ta Jibiya zai ratsa. Ga mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka koro, kowa na neman inda zai kafa ɗaki a cikin gari. Inda abubuwan nan suka haɗu, gona kan wayi gari ta zama fulotai, da turaku a kusurwa huɗu da dillali a gindin bishiya yana cewa, "Alhaji, kada ka ji komai, akwai takarda."

Wace takarda? Galibi ta ciniki ce. Shafi ɗaya, an rubuta cewa gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, ga dangwalen mai sayarwa da na shaidu, ga hatimin mai unguwa ko dagaci. A naɗe ta cikin leda, a tura ƙasan akwati. Tana da amfani, domin hujja ce cewa an biya kuɗi an miƙa wuri. Amma abin da mai saye yake zaton ya saya ya fi abin da doka ta yarda an sayar masa.

Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a ranar 29 ga Maris 1978, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Abin da ya rage wa mutum shi ne haƙƙin zama da amfani. Iri biyu ne: wanda gwamna ke bayarwa, da na gargajiya wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har zuwa hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Takardar da muke kira shaidar mallaka, wadda yawanci wa'adinta shekara 99 ne, shaidar wannan haƙƙi ce. Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa takardar ba ta ƙirƙirar wa mutum haƙƙin da ba shi da shi. Idan wani ya fi shi tushe a wurin, ba za ta cece shi ba.

Arewa ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Turawan mulkin mallaka sun yi shela a 1910 cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Sardauna ta sabunta hakan a dokar 1962, kuma daga nan aka ɗebo ginshiƙin dokar 1978.

Manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni bai rasa ta ba. Sashe na 36 na dokar 1978 ya ɗauke shi tamkar wanda ƙaramar hukuma ta riga ta bai wa haƙƙi, ko da bai taɓa riƙe takarda ba. Sai dai wannan sashen ya hana a yayyanka irin wannan gona zuwa fulotai ko a miƙa ta ga wani, ya kuma ce takardar da aka yi a kan hakan ba ta da tasiri. Wannan shi ne abin da ya kamata mai sayen fuloti a gefen gari ya sani kafin ya ƙirga kuɗi. A inda haƙƙin na gwamna ne, sashe na 22 ya wajabta neman yardarsa kafin sayarwa ko jinginarwa, kuma a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 jinginar da aka yi wa banki ta rushe saboda rashin wannan yarda.

A zaure da gaban alƙali kuwa, da wasu kalmomin ake magana, kuma a nan rigima ta fi tsanani. Gado, saye da kyauta suna raba mutum da gona ko su ba shi ita ɗungurungum. Aro, haya da jingina ba sa yin haka. Wanda ya karɓi jingina yana noma wurin ne har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa. Matsalar ita ce baki da baki ake yi. Dattawan da suka shaida su rasu, 'ya'yan mai aro su tashi sun ga mahaifinsu na noma wurin tun suna goye, su rantse gado ne, kuma har ga Allah abin da suka sani ke nan. Akwai kuma shufu'a, wato haƙƙin abokin tarayya a gadon da ba a raba ba ya karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya mayar wa baren kuɗinsa. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi.

Wadda ta fi damuna a yau ita ce hauzi. Ƙa'idarta: idan bare ya shekara goma yana amfani da wuri a matsayin nasa, mai wurin yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba za a saurari ƙararsa ba. A ƙauyukan Jibiya da na maƙwabtanta akwai gonakin da masu su suka bari don tsira da rai, wasu sun shigo gari, wasu sun tsallaka yankin Maraɗi. Ranar da za su koma, wani zai tarar da gero a gonarsa wanda ba shi ya shuka ba. Malaman fiƙihu sun yi sharaɗin halarta da rashin uzuri, kuma wanda tsoro ya kora yana da uzuri. Amma sai ya fara tabbatar da cewa gonar tasa ce, alhali tsamiyar da ke kan iyaka ta zama gawayi, shaidu sun watse.

Haka batun diyya. Sashe na 28 na dokar 1978 ya bai wa gwamna ikon soke haƙƙi saboda maslahar jama'a, kamar titi ko layin dogo. Sashe na 29 kuma bai ce a biya kuɗin ƙasar yadda take a kasuwa ba. Gini ake kimantawa, da shuka, da aikin da aka zuba a wurin. Gonar da ta ciyar da gida shekara hamsin, idan ma'auna suka zo da rani suka same ta fayau, a ma'aunin doka abin biya kaɗan ne a cikinta. A ganina wannan rashin adalci ne ga manomi, kuma gyaransa na da wuya, domin sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kulle dokar, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa.

Tsallaken iyaka, 'yan'uwa masu harshe ɗaya da kalmomin aro da jingina iri ɗaya suna ƙarƙashin wani tsari dabam. A ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar karkara wadda ta amince cewa ana mallakar gona ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta rubutacciyar doka. Ta kafa hukumomin kula da ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda suka sauko har matakin ƙauye, inda maigari ke jagoranta. Can ana rubuta takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina da ta riƙon gado, kowacce da sunanta. Ba ko'ina hukumomin ke aiki yadda aka tsara ba, kuma rikicin manoma da makiyaya bai ƙare ba. Duk da haka sun kai alƙalami inda gonar take.

Jihar Katsina tana da hukumar KATGIS ta rajistar filaye da taswira a kwamfuta, kuma ci gaba ne. Sai dai manomin da ke gudun hijira ba zai iya biyan safiyo da zirga-zirgar Katsina ba. Dokar 1978 ta riga ta buɗe masa ƙofa mafi kusa: sashe na 36 ya ce idan mai gona ya kai zane ko gamsasshen bayanin gonarsa ga ƙaramar hukuma, ta kuma gamsu, wajibi ne ta yi masa rajista. Ƙaramar Hukumar Jibiya na iya buɗe wannan littafi gunduma-gunduma, da dagatai da limamai da wakilan makiyaya a zaune, a fara da gonakin waɗanda suka yi gudun hijira da na kan hanyar layin dogo, tun dattawan da suka san iyakoki suna raye.