TSEREN DA YA FI GUDUN FANFALAKI TSAWO

Daga wakilinmu na Arewa, Karshi

Duk wanda ya bi hanyar Nyanya, ya wuce Karu da Jikwoyi da Orozo da sassafen Asabar, zai tarar da waɗansu samari da 'yan mata a Karshi, kowa da takalmin roba da gorar ruwa a baya, sun nufi duwatsun da suka kewaye garin. Yawancinsu yawon shan iska ne ya kawo su. Amma akwai 'yan kaɗan daga cikinsu da ba su tsayawa ɗaukar hoto, gudu kurum suke yi bisa turbar manoma. Na bi su rannan don in ga abin da ke kai su. Ban kai sa'a biyu ba gwiwoyina suka ce sun gaji.

Ga abin da suke wa shiri. Gudun fanfalaki, wanda waɗansu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da 'yan kai, watau kamar daga Kano zuwa Wudil. To, akwai tseren da ya wuce wannan: na kilomita 50, na 100, har da na mil 100. Sau da yawa ba bisa kwalta a kan yi shi ba, sai cikin daji da kan dutse da rairayi. Mai shiga karo na farko ba ya maganar zuwa na ɗaya. Abin da ke gabansa shi ne ya isa kafin a rufe ƙofa, domin kowane zango yana da lokacinsa, wanda ya makara kuwa sai a tsame shi, ko da saura ƙiris.

Mafi suna a nahiyarmu shi ne na Comrades a Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. An fara shi a 1921 da mutum 34, amma 16 ne suka kai. Sai a 1975 aka yarda baƙar fata da mata su shiga a hukumance, kuma sai a 1989 baƙin mutum, Sam Tshabalala, ya ci. Sa'a 12 ake ba mutum. Da cikarta a kan harba bindiga, wanda bai taka layi ba ko lambar yabo ba ya samu.

Amma wanda ya fi kama da ƙasarmu shi ne na hamadar Maroko, Marathon des Sables, wanda wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya ƙirƙiro a 1986 da mutum 23. Kimanin kilomita 250 ne cikin mako guda, ya ɗara Kano zuwa Kaduna ke nan. Kowa shi ke goye da abincinsa da shimfiɗarsa. Ruwa da tanti kaɗai ake bayarwa, ruwan ma da awo. A 1994 wani ɗan sandan Italiya, Mauro Prosperi, ya shiga karo na farko. Guguwar rairayi ta taso, shi kuwa ya ci gaba da gudu maimakon ya tsaya. Da ta lafa, ba turba, ba kowa. Kwana 9 ya yi yana gararamba, ya sha fitsarinsa, ya ci jemagu a wata tsohuwar hubbare, kafin Buzaye makiyaya su tsince shi cikin Aljeriya, kusan kilomita 290 daga inda ya kamata ya bi. Abin mamaki, mutumin nan ya sake komawa daga baya har ya kammala. Wanda ya fi shahara a farkon tseren kuwa ɗan ƙasa ne, Lahcen Ahansal na Zagora, ɗan makiyaya, wanda ya ci sau 10 tsakanin 1997 da 2007.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai. Jama'a, doguwar tafiya a ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Fatake sun kai Gwanja neman goro, alhazai sun ratsa Sudan da ƙafa, su kansu Gwandarawan Karshi tarihinsu ya ce daga Kano kakanninsu suka taso. Ko a watan Afrilu na 2015, Suleiman Hashimu, mutumin jihar Katsina, ya taka daga Ikko zuwa Abuja, kimanin kilomita 750 cikin kwana 18, don cika alkawarin da ya ɗauka in Janar Buhari ya ci zaɓe. Ba alƙali, ba likita, sai Fulani da mutanen ƙauyuka da suka riƙa saukarsa. Wannan tattaki ne ba tsere ba, na yarda, amma ƙafar da ta yi shi ita ake nema. Yaran Pankshin na jihar Filato ma sun nuna haka, don su ne kan gaba cikin 'yan gida a tseren Ikko da aka fara a 2016. Na dutsen Obudu da aka soma a 2005 kilomita 11 ne kacal, duk da tsananin hawansa.

Masu gudun da na zanta da su sun ce ƙarfin ƙirji ba shi ke kai mutum ba. Bayan sa'a uku ko huɗu abincin da jiki ya tara ya kan ƙare, dole a riƙa ci ana tafe, dabino ko ayaba ko ƙuli-ƙuli. Ruwa zalla babu gishiri shi ma haɗari ne, ya kan tsinka jini har mutum ya ruɗe. In an zo hawa a kan taka ne, ba kunya, a gangare kuma cinya ke shan wuya. Sabon takalmi kuwa ba a ɗinka shi ranar tsere, bororo ɗaya a diddige ya isa ya zaunar da ƙato.

Da na gangaro wajen ƙarfe goma, wata dattijuwa ta wuce ni da damin itace a kafaɗa, daga can bayan dutsen da na kasa kaiwa. Ta yi mini sannu. Ni dai ɗan acaɓa na tsayar ya kai ni tasha.