Yaran da Ke Wanke Mayanka Cikin Dare a Amurka

A wata makarantar sakandare da ke garin Grand Island na jihar Nebraska a Amurka, malamai sun lura da wata yarinya 'yar shekara 14 da ba ta da aiki sai gyangyaɗi a aji. Wata rana ta zo, wata rana ba a ganta ba. Da aka duba, sai ga ƙuna a jikinta. Ba wuta ce ta ƙona ta ba, sinadari ne. Ashe in dare ya yi, sa'anninta na barci, ita tana babbar mayankar shanu ta kamfanin JBS da ke garin, daga ƙarfe 11 na dare har asuba, tana wanke jini da kitse.

Kada mai karatu ya ɗauka irin kwatar da muka sani ce, ta mahauta da wuƙa da bokitin ruwa. Masana'anta ce da ake yanka dubban shanu a yini. In ma'aikatan rana suka tashi, sai masu wanki su shigo da tiyon ruwan zafi da sinadarai masu cin fata. Ƙasa santsi, tururi ya cika ko'ina. Abin da ake wankewa kuwa zartunan lantarki ne masu tsaga ƙashin baya da ƙirjin sa, da injin fasa kai. Dokar Amurka ta hana duk wanda bai kai shekara 18 ba wannan aiki.

A watan Agusta na 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta fara bincike, kuma a watan Oktoba jami'anta suka shiga masana'antar cikin dare. Kamfanin da aka bai wa kwangilar wankin shi ne PSSI, wanda a lokacin mallakar Blackstone ne, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin zuba jari na duniya. Da aka bi takardunsa, sai aka gano aƙalla yara 102, masu shekara 13 zuwa 17, a mayanka 13 cikin jihohi 8, har da na Cargill da Tyson. A Grand Island kaɗai an sami 27. Galibinsu 'ya'yan 'yan ci-rani ne daga ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka irin su Guatemala. Kamfanin ya ce da takardun bogi yaran suka shigo masa. Ni dai na kasa yarda cewa shugaban aiki zai tsaya da ɗan shekara 13 dare bayan dare, ya ce bai gane yaro ba ne.

A watan Fabrairu na 2023 aka ci PSSI tarar dala miliyan ɗaya da rabi, wato dala 15,138 a kan kowane yaro, iyakar abin da doka ta yarda a karɓa a lokacin. Babu wani babba a kamfanin da ya kwana a gidan yari. Waɗanda aka gurfanar a kotu su ne iyayen yarinyar nan, har mijin mahaifiyarta ya sha ɗauri saboda shi ke kai ta wurin aiki. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Baƙon da ba shi da takardar zama ya san in ya buɗe baki, kora ce ke jiransa, shi ya sa yaran da dama suka ƙi magana da masu bincike.

Tarar ba ta kashe bakin tsanya ba. Wata biyar bayan haka, a watan Yuli na 2023, wani yaro ɗan shekara 16, ɗan asalin Guatemala, yana wanke inji a mayankar kaji ta Mar-Jac da ke Hattiesburg a jihar Mississippi, injin ya fizge shi, nan take rai ya yi halinsa.