Shin Na'ura Za Ta Gaji Ɗan Adam?

A shekarar 1863 wani Baturen Ingila mai kiwon tumaki a ƙasar New Zealand, Samuel Butler, ya rubuta wa jarida cewa injuna suna ci gaba da saurin da ya fi na dabbobi, kuma wata rana su ne za su gaje mu. A lokacin injin tururi ne abin mamaki. Yau maganar ta dawo da ƙarfi, tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, da kuma gargaɗin Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen ƙirƙirarriyar basira, wanda ya bar kamfanin Google a 2023 don ya samu damar faɗin tsoronsa a fili. Kafin a yarda ko a musa, ya kamata a san yadda tsatso ke sauyawa, sannan a duba ko na'ura ta cika sharuɗɗan.

Manomin Bakori ya san wannan ilimi a aikace. Da kaka yakan ware zangarniyar dawa mafi cika da masarar da ta fi ƙwari, ya ajiye su iri, sauran a ci ko a kai kasuwar Funtua. Abu uku ne ke aiki a nan: shuka tana haifar irinta, 'ya'yan ba sa zama daidai da juna, sannan akwai mai zaɓen wanda zai ci gaba. Idan aka maimaita haka shekara da shekaru, amfanin gona yakan canza kama. Masarar da ta cika gonakin Funtua da Malumfashi ta samo asali ne daga wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyi kaɗan a Meziko, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Inda babu manomi, cuta da yunwa da yanayi ne ke yin zaɓen.

Batun asalin ɗan Adam yana da malamansa, kuma ba shi ne gabanmu ba. Abin da ke gabanmu shi ne sauyin da ake iya aunawa a jinin mutanen yau. Sikila ce misali mafi kusa. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai jinin AS ya fi mai AA jure wa mummunan zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka a ƙasashen sauro masu AS suka fi tsira a ƙuruciya, suka hayayyafa, har ya zama kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Kuɗin wannan kariya shi ne idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar SS. Haka nan yawancin mutanen duniya cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara bayan yaye, amma Fulani da yawa suna sha lafiya lau, domin kakanninsu sun daɗe da shanu.

Irin wannan sauyi yana tafiya ne da saurin haihuwa, wato taki ɗaya a duk shekara 25 zuwa 30. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne mutum ya fara sa hannu. Gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, zaɓe ne da ilimi. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara ƙwayoyin halittar majinyaci, a kan dala miliyan 2.2 a Amurka. Gyaran bai wuce jikin wanda aka yi wa ba, 'ya'yansa ba sa gadonsa. He Jiankui na ƙasar Sin da ya taɓa ƙwayoyin halittar jarirai tun kafin a haife su a 2018, ɗaurin shekara uku ya sha.

To ina na'ura a wannan ma'auni? Manhaja irin ChatGPT tarin lambobi ne biliyoyi. Ana ɗura mata rubutun da mutane suka yi, tana cankar kalmar da za ta biyo baya. Duk lokacin da ta kuskure, sai a ɗan motsa lambobin. Bayan an maimaita haka ba adadi, sai a sa mutane su duba amsoshinta, su nuna mai kyau da maras kyau. Sabon samfuri kan fito cikin watanni, shi ya sa saurinta ke firgita mutane: a 1997 kwamfuta ta doke Garry Kasparov a wasan darar Turawa, a 2016 wata ta doke Lee Sedol a wasan Go, yanzu kuma suna rubutu da fassara.

Bambanci da zaɓe duk suna nan, amma sharaɗin farko ya faɗi: na'ura ba ta haifar kanta. Ƙananan sassan da suka fi ƙarfi a cikinta yawanci kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera su, da injunan ASML na Holan. Rumbunan kwamfutocin duniya sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024. Ma'adinai, masana'anta, wuta, gyara, duk hannun mutane ne. Mai zaɓen ma mutum ne: kamfani da mai zuba jari da gwamnati. Masu hasashe irin Ray Kurzweil, da ya sa 2045 a matsayin lokacin da basirar na'ura za ta yi wa ta mutum fintinkau, ra'ayi suke faɗa, kuma masana sun rabu a kansa.

Gadon da ya tabbata shi ne na sana'a. Injin gurzar auduga da ya zo Funtua bai kawar da mutane ba, amma ya karɓe aikin da mata ke yi da hannu, masaƙu kuma suka rage wa mazari kasuwa. Wannan karon aikin ƙwaƙwalwa ne a kan layi: lissafi, rubuta wasiƙa, gane cutar shuka daga hoto, kamar yadda manhajar Nuru ke gane ɓarnar tsutsar masara.

Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ita ce: wa ke zaɓen irin, kuma don amfanin wa? Na'urar da aka horar ba tare da Hausa ba, ba tare da sanin daminarmu da ƙasar nomanmu ba, za ta ba manomin Bakori shawarar da aka auna da gonar wani. Iyaye su tura 'ya'yansu, maza da mata, su koyi lissafi da kwamfuta, malamai su rubuta iliminsu da harshenmu, hukumomi kuma su tambayi duk mai kawo manhaja inda za a kai bayanan jama'a. Wanda bai halarci zaɓen iri ba, abin da aka ba shi zai shuka.