Gargaɗi Ga Jama'ar Lau: A Daina Watsa Hotuna Da Lambobin Mutane A Waya

Jama'ar Lau, Kunini, Abbare da Garin Dogo, don Allah a saurara!

Saɓani kaɗan a kan bashi, ko budurwa ta ce ba ta yi, sai mutum ya ɗauki hoton abokin rigimarsa da lambar wayarsa ya watsa a WhatsApp ko Facebook. Wani har da kwatance: ga gidan nan bayan masallaci, mai shuɗiyar ƙofa, jiya ya sayar da shinkafarsa. A wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke neman mai tsegunta musu, wanda ya rubuta haka ya nuna musu hanya, ko da huce haushi kawai ya nufa.

Wannan laifi ne a dokar ƙasa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ga wanda ya aika saƙon tsangwama ko barazana da ya jefa wani cikin fargabar kisa ko rauni. Mai cewa "ba ni kuɗi ko in tona maka asiri" shekara 5 ke jiransa, ko tarar miliyan 15. Kuma kada mai turawa gaba ya ɗauka ya tsira. Idan ya san abin da saƙon ya ƙunsa, ya sa kansa a ciki.

Kamfanoni ma ba a ƙyale su ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin ba da rance na Soko tarar naira miliyan 10, saboda aika saƙonnin kunyata masu bashi ga mutanen da ke cikin wayoyinsu. Tun 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumarta, NDPC.

Abin da ya fi ci min rai shi ne 'ya'yanmu mata. Hoto ɗaya kan wargaza auren da aka sa wa rana.

Idan irin wannan saƙo ya shigo maka, kada ka tura. Idan kai aka yi wa, kada ka rama, kada ka goge. Ɗauki hoton saƙon da lambar da ta aiko shi, ka kai ofishin 'yan sanda na Lau ko hedikwatarsu da ke Jalingo tun yau.