Dutsen Madara: Gwajin Kesin a Ajin Kimiyya

Daga cikin gwaje-gwajen da littattafan kimiyya na makarantun sakandare kan kawo, akwai wanda ake kira yin roba da madara. Gwaji ne mai arha, ba ya bukatar ɗakin bincike, kayansa kuwa duk na madafa ne. Sai dai sunan da aka laƙaba masa ya fi ƙarfin abin da yake haifarwa. Malamin da bai lura da wannan ba yakan sallami ɗalibansa da zaton sun yi abin da ba su yi ba.

Ga yadda ake yinsa. A ɗumama madara kofi guda, watau kamar mililita 250, ta yi zafi amma kada ta tafasa. A zuba ruwan khal ƙaramin cokali 4, ko ruwan lemon tsami, a dama a hankali. Nan take madarar za ta tsinke: fararen gudaji a gefe, ruwa tsararo mai ɗan rawaya a gefe. A tace da ƙyalle mai tsabta, a matse, a cuɗa gudajin su haɗe, a fitar da siffar maɓalli ko dutsen ado, a shanya kwana biyu ko uku. Madarar da aka yaɗe wa mai ita ta fi dacewa, domin maiƙo yana hana abin ƙarfi, kuma yakan sa shi wari daga baya.

Waɗannan gudaji su ne kesin. Madarar saniya kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce, furotin ɗinta bai wuce kashi 3 da ɗan ɗoriya ba, kesin kuwa shi ne wajen kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin. Ke nan kofi guda bai ƙunshi fiye da giram 6 ko 7 na kesin ba, abin da ya sa ɗalibai kan yi mamakin ƙanƙantar abin da ya rage bayan ya bushe. A cikin sabuwar madara, kesin yana yawo ne a dunƙule-dunƙule ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Gishirin kalsiyam ne ke riƙe da kowane dunƙule, kuma dukansu suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna ture juna, ba sa haɗuwa. Sabuwar madara tana wajen 6.7 a ma'aunin tsami na pH. Idan tsami ya saukar da ita zuwa 4.6, cajin ya mutu, gishirin ya narke, sai dunƙulen su rungumi juna su ware daga ruwa. Zafi yana gaggauta al'amarin ne kurum.

A nan ne ɗalibin ƙasar Hausa ya fi takwaransa na wasu wurare sa'a, domin ya san wannan aiki tun kafin ya shiga aji, harshensa kuma yana da kalmominsa. Sa'ad da Bafillatana ta zuba madara a ƙwarya ta rufe ta kwana, aka ce ta yi barci ta zama kindirmo, ƙwayoyin halitta ne suka juya sukarin madarar ya koma tsami, tsamin ya kama kesin. Bambancin barci da tsinkewa bambancin sauri ne: a ƙwarya tsamin yana taruwa sannu a hankali ba tare da motsi ba, sai madarar ta daskare gaba ɗaya, a aji kuwa an antaya shi lokaci guda ana damawa, sai ta kakkarye. Mai awara ma haka take yi wa furotin ɗin waken suya da ruwan tsami. Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba ta tsami ba ce, watau amfani da ruwan tumfafiya, kamar yadda Fulani ke yi wajen cukunsu a Nijeriya da Binin, ko sinadarin da ake samu a tumbin ɗan maraƙi. Waɗannan suna datse wani sashe ne na kesin ɗin, sai ya kama. Malamin da ya fara darasinsa daga barci da tsinkewa ya riga ya ci rabin tafiya.

To, amma shin abin da ɗalibi ya shanya roba ne? Kalmar roba a Hausa ta haɗa ta taya da ta bokiti da ta takalmi, ba ta rarrabe komai. Gwaji guda zai raba gardama: a jefa busasshen maɓallin cikin ruwa ya kwana. Da safe za a tarar ya kumbura ya yi laushi, in an bar shi kuma ya yi fumfuna. Ashe abin ya fi kusa da busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar bisa ga robar kanti.

Robar kesin ta gaskiya tana da tarihinta a Turai. A 1893 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Auguste Trillat, ya gano cewa fomalin yana hana kesin narkewa. A 1897 Wilhelm Krische, mai maɗaba'a a birnin Hanoba na Jamus, ya shiga neman farin allon makaranta wanda zai maye gurbin baƙi, ya haɗa kai da wani masani, Adolph Spitteler. Allon bai yi ba, amma sun sami wani abu mai kama da ƙaho, aka sa masa suna Galalith, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin madara da dutse. An nuna shi a babban baje kolin Faris na 1900, shekara 7 kafin Leo Baekeland ya ƙago Bakelite a Amurka. A Ingila an riƙa yinsa a garin Stroud da sunan Erinoid daga 1914. Yana karɓar rini da kyau, yana ƙyalli in an goge shi, ba ya saurin kama wuta, don haka ya tsaya a madadin hauren giwa da ƙaho wajen yin maɓallai da matsefai da allurar saƙa da kayan ƙawa. Italiya ma ta yi zare da kesin a shekarun 1930, mai suna Lanital.

Matakin da ajin makaranta ya tsallake shi ne jiƙa kesin cikin fomalin. Kowane furotin doguwar sarƙa ce; bushewa tana matso da sarƙoƙin kusa da juna ne kawai, ruwa na shiga sai su sake rabuwa. Fomalin kuwa yana ƙulla gada tsakanin sarƙa da sarƙa, har su zama raga guda wadda ruwa ba ya warwarewa. Misalin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne na majema. Ƙirgi busasshiyar fata ce, tana da tauri, amma in ta jiƙa sai ta yi laushi ta ruɓe. Fatar da aka jeme da bagaruwa kuwa an ɗaure furotin ɗinta, ta fita daga wannan hali. Maɓallin ɗalibi ƙirgi ne, Galalith jemammiya ce. Sinadaran biyu ba ɗaya ba ne, amma kwatancin ya zauna.

Wannan jiƙo shi ne kuma lagon sana'ar. Fomalin yana ratsa kesin a hankali ƙwarai, allo mai kauri yakan yi watanni a tsime, kuma da zarar ya kama ba ya narkuwa balle a zuba shi a mazubi. Sai dai a yanka a sassaƙa kamar itace. Da robobin man fetur suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu arha da saurin zubi, sai kasuwarsa ta tsuke, ta koma kusan ta maɓallai kaɗai.

Bai kamata a kai fomalin aji don cike gurbin ba. Guba ne, tururinsa yana ƙona ido da maƙogwaro, kuma a 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam. Abin da ya fi amfani shi ne a raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, wasu da khal, wasu da lemon tsami, wasu da jiƙon tsamiya, wasu kuma su ɗumama nonon da ya riga ya yi barci ba tare da ƙara komai ba. Kowace ƙungiya ta auna nauyin abin da ta samu bayan ya bushe, ta rubuta, sa'an nan a jiƙa rabi a ruwa a ajiye rabi, a kwatanta su a darasi na gaba.