Laushin kwatangwalo: Abin da 'yan dambe da 'yan kokawa ke buƙatar sani

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga kaka, kalangai kan fara tashi a dandalin garuruwan ƙasar Hausa. A Jahun da ƙauyukan da ke bakin fadamar kogin Haɗeja, kamar sauran sassan Jihar Jigawa, lokacin ne samari ke gwada ƙwanji a dambe da kokawa. 'Yan kallo sun fi zuba ido a kan hannun da aka naɗe da zare, ko damtsen ɗan kokawa, alhali ƙarfin naushi da na kayarwa daga ƙafa yake tasowa, ya ratsa kwatangwalo, sannan ya isa hannu.

Gaɓar kwatangwalo dunƙulen kan ƙashin cinya ne da ke zaune cikin gurbi mai kama da ƙoƙo, shi ya sa take juyawa kowace fuska. Daga matsematsi kuma akwai tsokoki biyar da suka gangaro ta cikin cinya, aikinsu janyo ƙafa zuwa tsakiya. Su ne ke ɗaukar nauyi idan ɗan kokawa ya ware ƙafafu ya dage don kada a ɗaga shi, ko aka cafke ƙafarsa ɗaya aka yi sama da ita, ko ɗan dambe ya kai shuri. Idan aka buɗe su farat ɗaya fiye da yadda suka saba, sai su yage. Ƙaramin rauni kan warke cikin makonni, babba kuwa yakan ɗauki watanni, wanda ga mahauci ko manomi hakan na nufin tsayawar sana'a.

Wasannin zamani ma haka abin yake. A takwando, shuri a kai ya fi shuri a ƙirji yawan maki, don haka duk wanda ƙafarsa ba ta tashi sama ya shiga fili da giɓi. A wannan wasa ne Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya samu lambar azurfa a gasar Olamfik ta birnin Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Wa ya fi shiga haɗari?

Manomin fadama da ke yini a tsugune ko a duƙe wajen dashen shinkafa, kuma yake zama a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, kwatangwalonsa na motsawa kullum. Ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da ke yini a kujera kuwa, gaɓar tasu kan saba da tsayawa a yanayi guda. Irin wannan mutum idan ya zo gida hutu, kiɗa ya ɗebe shi ya faɗa fili, shi ne kan koma yana ɗingishi.

Wani haɗarin kuma yana wajen horo. Akwai masu sa yaro ya ware ƙafafu, sannan wani ya danne shi da ƙarfi har ya kai ƙasa. Wannan ganganci ne, domin gurbin kwatangwalo ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wani ƙashinsa ne ke tsayar da shi, kuma babu dannewar da za ta sauya siffar ƙashi. Ya kamata iyayen da ke kai 'ya'yansu koyon karate ko takwando su lura da wannan.

Matakan da suka dace

Na farko, a ɗumama jiki da sassarfa ta minti 5 zuwa 10, musamman da sanyin hunturu. Daga nan a dafa bango a riƙa lilo da ƙafa gaba da baya, sannan gefe da gefe, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan.

Na biyu, miƙar da ake tsayawa a cikinta ta fi dacewa bayan an gama atisaye, domin tsawaita ta kafin karawa kan rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci. A zauna a haɗa tafukan ƙafa, a bar gwiwoyi su sauka da kansu. A tsuguna a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe ta gefe. Sannan a durƙusa da gwiwa ɗaya, a tura ƙugu gaba. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ba da shawarar a riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har a tara daƙiƙa 60, aƙalla kwana biyu zuwa uku a mako. Abin da ake so a ji shi ne ɗan ja a tsoka, ba zafi ba.

Na uku, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne ƙarfafa tsokar. Tsoka mai laushi da ba ta da ƙarfi ba za ta riƙe ƙafa ba idan abokin karawa ya fizga. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a kan 'yan ƙwallon ƙafa sama da 600 a ƙasar Norwe, ya nuna atisaye guda ɗaya na wannan tsoka ya rage haɗarin ciwon matsematsi da kashi 41 cikin 100. Yadda ake yi: mutum ya kwanta ta gefe ya dogara da gwiwar hannu, abokinsa ya tallafe ƙafar da ke sama, shi kuma ya ɗaga jikinsa yana ɗago ƙafar ƙasa ta haɗu da ta sama. Mai farawa ya yi sau uku zuwa biyar a kowane gefe, ana tallafe shi a gwiwa, ko ya ɗora gwiwar a kan benci.

Yaushe za a je asibiti?

Idan aka ji wani abu ya tsinke, ko wurin ya kumbura, ko taka ƙafar ya gagara, a dakatar da wasa, a sa ƙanƙara cikin tsumma, kada a murza ko a ja. Kumburin matsematsi da ke fitowa lokacin tari ko yunƙuri yana iya zama gwaiwa, wadda miƙa ba ta maganinta sai aikin likita. Yaron da ke tasowa kuma, idan ya fara ɗingishi da ciwon kwatangwalo ko gwiwa, a kai shi a duba ba tare da jinkiri ba.

Sauyin da ake nema yana buƙatar makonni ana yi ba fashi, sannu ba ta hana zuwa. Duk mai niyyar shiga fili a kaka, tun cikin damina ya kamata ya soma shiri.